Taron matasan Katolika na Seoul 2027: mu mazauna Saudiyya ta ina za mu bi?

Ladi_Kobar: Salama alaikum 'yan gida. Tambayata ga 'yan'uwa Katolika ce, amma duk mai shawara ya sa baki, Musulmi ko Kirista. Babban taron matasan Katolika na duniya mai zuwa a Seoul za a yi shi, Koriya ta Kudu, daga 3 zuwa 8 ga Agustan 2027. Na sa rai, har na fara ware wani abu daga albashi. Rajista ce ta ɗaure min kai. Na ji rukuni-rukuni ake zuwa, a ƙarƙashin coci ko dayosis (yankin da bishop ke kula da shi). To mu nan ba mu da coci, sunana kuma yana can a littafin cocinmu na gida, Kafanchan. In bi ta gida ne ko ta Bahrain? Biza kuma a Abuja zan nema ko a Riyad?

Direban_Riyad: Anti Ladi, Koriya fa kika ce? Mu da Najeriya ma sai mun shekara biyu kafin mu leƙa. Allah ya ba da sa'a.

Katikis_Bulus: Salamar Ubangiji, ƙanwata. Kada ki ce ba ki da bishop. Duk ɗan Katolikan da ke zaune a Saudiyya yana ƙarƙashin yankin Arewacin Larabawa ne, wanda ya haɗa Bahrain, Kuwait, Katar da Saudiyya. Bishop Aldo Berardi ne ke riƙe da shi tun 2023, mazauninsa a Bahrain. Babbar majami'ar tana Awali, an buɗe ta a Disamban 2021, akwai kuma tsohuwar cocin Manama da aka gina tun 1939. Ke da kike Kobar ai ke ce 'yar gata, gadar Sarki Fahad ce kawai tsakaninku, kilomita 25. Ki je Mas (babbar ibadar Katolika) ran Juma'a, bayan an tashi ki nemi Fada ko masu kula da matasa ki gabatar da kanki. A fara sanin fuskarki tun yanzu. Ba ranar da kike neman takarda za ki bayyana ba.

Injiniya_Yanbu: Katikis ya yi gaskiya, sai dai ƙaramin gyara. Ni na je na Lisbon a 2023, kuma mutum ɗaya ma yana iya yin rajista da kansa ta intanet. Dole ba ta sa ka shiga rukuni ba. Amma ga mai koren fasfo irin namu, rukuni shi ne rufin asiri, domin takardar bishop da sunanka a jerin sunayen tawaga su ne ke ba takardunka nauyi a ofishin jakadanci. Maganar biza kuma ba ta da wahala: inda kike zaune kike aiki, nan ake nema. Koriya tana da ofishin jakadanci a Riyad, da ƙaramin ofishi a Jidda. Igamarki (katin izinin zama a Saudiyya), takardar wurin aiki, bayanin asusun banki mai nuna albashi yana shiga duk wata, waɗannan duk a nan kike da su. In kin koma Abuja me za ki nuna?

'YarKagoro: Ni dai ta gida zan bi in Allah ya yarda. Da wa zan yi waƙa in na bi tawagar Bahrain? Yawancinsu 'yan Filifins ne da 'yan Indiya, mutanen kirki ne wallahi, muna aiki tare a asibiti, amma ina so in shiga filin nan da zanen CYON, ƙungiyar matasan Katolika ta Najeriya, a jikina, da tutarmu, ana kaɗa tulu da kacau-kacau ana waƙar Hausa. Shekara nawa ina Mas a waya ni kaɗai a ɗaki, kunne a toshe. In zan kashe wannan kuɗi, to in ji muryar mutanena.

Injiniya_Yanbu: @'YarKagoro na fahimce ki sarai. Amma ki sani tawagar gida daga gida za ta tashi, shirye-shiryenta ma can za a yi: tarurruka, ɗinkin anko, biyan kuɗi kashi-kashi, ganawa da Fada mai kula da matasa. Ke kina Riyad. Ko dai ki sayi tikiti biyu, na zuwa Najeriya da na Koriya, ko ki roƙi su sa sunanki ku haɗu a can. Na biyun yana yiwuwa in shugaban tawagar ya yarda, amma da yawa ba sa so, saboda duk wanda ya ɓace a wuyansu yake.

Abu_Sumayya: Admin, wai zauren nan na wa'azin coci ne yanzu? Na ɗauka don taimakon juna kan aiki da igama aka buɗe shi.

Admin_Dammam: Malam Abu Sumayya, zauren Hausawa da masu jin Hausa mazauna Saudiyya ne. Lokacin Hajji sati uku muka yi ba a maganar komai sai tasrihi (izinin Hajji) da manhajar Nusuk, su Ladi ba su ce uffan ba, har wasu suka karɓi aikin dare don abokan aikinsu su samu zuwa. Tambayarta ma ai ta igama da biza ce. A ci gaba. Roƙo ɗaya nake yi, kuma da gaske nake: kada kowa ya rubuta wurin da ake haɗuwa addu'a a cikin ƙasar nan, ko sunan mai gida, ko lokaci. Kun san dokar wuri. Wanda ya saka, zan goge.

Hajiya_Sharafiyya: Ladi 'yata, ni ban san addininku ciki da bai ba, amma na san taron miliyoyin mutane, tun ina budurwa nake hidimar alhazai. Injiniya, wai da gaske ne a fili kuke kwana daren ƙarshe?

Injiniya_Yanbu: Ƙwarai kuwa Hajiya. Tsarin kusan ɗaya ne kowane karo. Ana buɗewa da Mas, safiya-safiya ana koyarwa rukuni-rukuni bisa harshe, ran Juma'a Hanyar Giciye tare da Fafaroma. Asabar kowa ya goya jakarsa a taka da ƙafa zuwa babban fili, a yi addu'ar dare, a kwana a nan, Lahadi da safe Mas na rufewa. A Lisbon filin yana bakin kogin Tejo, an ƙiyasta mutum miliyan ɗaya da rabi. Mun isa da rana tsaka, ƙasa duk tsakuwa da ƙura, ba bishiya ko ɗaya a sashenmu. Wasu 'yan Sifaniya kusa da mu suka ɗaure tutarsu a kan sanduna suka yi rumfa, muka raɓa. Abin da ba na mantawa shi ne lokacin sujada ga Jibi Mai Tsarki (gurasar da aka tsarkake a Mas): duk wannan taro ya yi tsit, sai ƙarar iska a lasifika. Sauran kwanakin kuma a daɓen ɗakin wasannin wata makaranta muka kwana, wanka layi, ruwan sanyi.

Hajiya_Sharafiyya: To ai Muzdalifarku ke nan. Saurara Ladi. Takalmin da za ki je da shi ki saye shi tun bana, ki yi ta yawo da shi har ya san ƙafarki. Sabon takalmi ya fi rana kayar da alhaji. Ki fara tafiyar ƙafa bayan isha'i a bakin ruwan nan naku na Kobar, da jaka a baya, kina ƙara nisa a hankali. Man shafawa tsakanin cinyoyi, kada ki ji kunya, mata da yawa sun yi kuka a hanyar Jamrat saboda wannan. Lema fara. Gishirin nan na haɗa ruwa, ke ma'aikaciyar jinya ce kin fi ni sani. Ki rage shan shayi da yamma ranar kwanan fili, domin layin bayan gida ba ya da mutunci. Fasfo da kuɗi a lalitar ciki, ƙarƙashin riga. Kuma ki rubuta sunan masaukinki da rubutun mutanen ƙasar a takarda ki rataya a wuya. Waya tana mutuwa, takarda ba ta mutuwa.

Ladi_Kobar: Na gode Mama Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na kwafe duka.

Direban_Riyad: Wanda ya sha zafin Riyad a watan Agusta, wane zafi kuma zai ba shi tsoro a Koriya?

Nas_Talatu_Jidda: Kai Direba, ba iri ɗaya ba ne. Naku na Riyad busasshe ne, kuma daga mota mai sanyi kake shiga gida mai sanyi. Na Seoul a farkon Agusta zafi ne mai gumi, damina ce a can, jiki ba ya bushewa. Mu na Jidda da su Ladi na gabas mun fi ku sanin irinsa. Ku tuna taron 'yan sikawut na duniya da aka yi a Koriyar a Agustan 2023, a Saemangeum: ɗaruruwan yara suka kwanta saboda zafi, Ingila da Amurka suka janye nasu, daga baya guguwa ta taso aka kwashe kowa daga sansanin. Wata ɗaya ne, ƙasa ɗaya. Na tabbata masu shirya wannan sun ɗauki darasi, amma kowa ya shirya wa jikinsa. Mu nan ma ai mun ga Hajjin 2024, sama da mutum 1,300 suka rasu, mafi yawansu waɗanda ba su da rajista ne, ba tanti ba mota.

Katikis_Bulus: Ruwan sama ma ya saba da taron nan. A Madrid 2011 hadari ya taso ana tsakiyar addu'ar dare, iska ta hana Fafaroma Benedict ƙarasa jawabinsa, ya zauna ana riƙe masa lema har ta lafa. A Rio 2013 filin da aka shirya ya zama taɓo, aka mayar da taron bakin tekun Copacabana. A sa rigar ruwa a jaka.

Maman_Blessing: Duk ina karantawa ina murmushi. Ku masu aikin kamfani da asibiti kuna maganar takalmi da lema. Ni aikin gida nake yi. Fasfona yana cikin durowar madam tun ranar da na sauka. Wace Koriya?

Admin_Dammam: Maman Blessing, riƙe fasfon ma'aikaci ya saɓa wa dokar ƙasar nan, ki san wannan ko da ba za ki ta da magana yanzu ba. Amma gaskiyarki, ba a daidai muke ba. Gyaran dokar aiki na Maris 2021 ya ba ma'aikatan kamfanoni damar neman bizar fita da dawowa da kansu ta manhajar gwamnati ta Absher, amma bai haɗa da masu aikin gida, direbobin gida, makiyaya da masu aikin gona ba. Su har yanzu sai kafili, wato mai gidan da ya ɗauke su aiki, ya buga musu. Ga masu tambaya: fita da dawowa sau ɗaya riyal 200 ne na wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100. Mai shiga da fita sau da yawa, irin wanda Ladi za ta buƙata in za ta riƙa zuwa Bahrain, riyal 500 ne na wata uku. Ku duba ranar ƙarewar igamarku, kada ta faɗo a tsakiyar tafiya.

Nas_Talatu_Jidda: Hutu kuma shi ne babban yaƙi. Dokar aiki ta ba da kwana 21 a shekara, 30 in ka cika shekara biyar a wuri ɗaya, amma mai aiki ne ke tsara lokacin. Yuli da Agusta kowa ke son hutu saboda yara na hutun makaranta. A sashenmu tun farkon shekara ake cike jadawali, wanda ya makara sai ya samu Nuwamba. Dabara ɗaya: Hajjin 2027 a watan Mayu zai faɗo. Ki ce wa abokan aikinki Musulmi ke za ki riƙe musu Azumi da Babbar Salla, su bar miki Agusta. Ni da haka nake samun Kirsimeti.

Baba_Yohanna_Jubail: 'Ya'yana, bari tsoho ya ce wani abu, ko da ba za ku so ba. Kuɗin jirgi zuwa Koriya, da rajista, da biza, da guzuri, in kun haɗa ya isa ya yi rufin ɗaki a ƙauye, ko kuɗin makarantar ƙanne na shekara. Mun bar gida ne don wannan. Ni na ga Fafaroma John Paul na Biyu da idona a Kaduna, Fabrairun 1982, ina saurayi, ranar da ya naɗa sababbin Fada. A bayan akori-kura muka zo daga Zonkwa, ban kashe abin da ya kai kuɗin buhun masara ba. Albarkar da na samu ranar tana tare da ni. Allah na Seoul shi ne Allah na Jubail. Ladi, in kina da rara ki je, ban hana ba. Amma kada ki ci bashi, kuma kada mahaifiyarki ta rasa na magani saboda ke kina son ganin Fafaroma a majigi daga nisan kilomita biyu.

'YarKagoro: Baba, da girmamawa, kai ka samu naka a 1982 shi ya sa. Mu fa? Tun da na zo ƙasar nan kowane riyal gida yake tafiya. Na yi rufi, na yi kuɗin makaranta, na yi bikin ƙanwa. Sau ɗaya in yi wa raina abu, shi ne za a ce ɓarna? Wanda yake gida duk Lahadi yana karɓar Jibi, yana zuwa ikirari lokacin da ya ga dama. Ni rabona da in durƙusa gaban Fada tun hutuna na ƙarshe.

Baba_Yohanna_Jubail: Ban ce ɓarna ba, 'yata. Na ce a auna. In ikirari ne, Bahrain ta fi kusa.

Katikis_Bulus: Baba, ranka ya daɗe, akwai dalilin da ya sa nake ganin wannan karon namu ne fiye da na kowa. Bangaskiyar Katolika ba mishan ne suka kai ta Koriya ba. Masu ilimin ƙasar ne suka karanta littattafan da aka shigo da su daga Sin, suka tura ɗayansu, Yi Seung-hun, ya karɓi baftisma a Beijin a 1784, ya dawo ya yi wa sauran. Wajen shekara goma suna taruwa a gidaje, ba Fada ko ɗaya a ƙasar, kafin wani Fada ɗan Sin ya shigo a ɓoye. Fada na farko ɗan ƙasar, Andrew Kim Taegon, an sare kansa a 1846 yana da shekara 25. Dubbai aka kashe a ƙarni na 19. A 1984 John Paul na Biyu ya je Seoul ya ayyana 103 daga cikinsu tsarkaka, Fafaroma Francis kuma ya ɗaga wasu 124 zuwa matsayin masu albarka a 2014. Yau Katolika wajen kashi 11 cikin ɗari ne na ƙasar. Mutumin da ya san addu'a a ɗaki da labule a sake, in ya tsaya a Jeoldusan da ke Seoul, inda aka kashe Katolika da dama, ko a majami'ar Myeongdong, ba yawon buɗe ido ya je ba. Taken taron ma daga Yohanna 16:33 aka ɗauko: ku yi ƙarfin hali, na yi nasara da duniya. Ba ina kwatanta zamanmu da nasu ba ne, mu ba wanda ya taɓa mu, albashi muke karɓa. Amma mun san wani abu daga ciki.

Ɗan_Malumfashi: Katikis ka taɓa ni. Ni tambayata daban: tun da John Paul na Biyu ya fara abin nan a tsakiyar shekarun 1980, an je Ajantina, Amurka, Manila a 1995, Ostireliya, Brazil, Panama, Turai kuwa ba adadi, yanzu Asiya karo na biyu. Afirka ko sau ɗaya. Alhali mu ne ke cika coci ran Lahadi. Da a Abuja ko Nairobi za a yi, da Maman Blessing ma ta haɗa da hutunta ta je.

Injiniya_Yanbu: Wannan ƙorafi ne mai tushe, amma ka tambayi kanka wane birni namu ne zai kwashe mutum miliyan daga fili ɗaya cikin yini guda. Seoul jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya ratsa ko'ina.

Ɗan_Malumfashi: Manila ta 1995 wane jirgin ƙarƙashin ƙasa take da shi da ta ɗauki sama da miliyan huɗu? In ana so ana iyawa.

Direban_Riyad: Ku faɗi gaskiya dai, rabin masu cewa za su je ganin Fafaroma Leo, masana'antun Koriya za su je gani. Ni ma in an ba ni biza sai dai ku ji labari.

Nas_Talatu_Jidda: Ka ga irinku ne ke jawo a hana masu gaskiya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kuma ka yi lissafi: ka bar igama mai rai da albashi, ka koma ɓuya a ƙasar da ba ka jin ko gaisuwarsu, kafili ya kai rahoton ka gudu, nan ma ƙofa ta rufe.

Direban_Riyad: Wasa nake Anti, a yi haƙuri. Ni ko kifi ɗanye ba na iya ci.

Hajiya_Sharafiyya: Wasa ko ba wasa ba, ku kula da 'yan damfara. Duk inda aka ce taron ibada, sai sun fito da fom da lambar asusu. Mun gani a Hajji har mun gaji. Wata yarinya da na sani ta tura wa wani ejan kuɗin shekara guda, ya kashe waya. Wanda bai fito daga bakin limaminku ba, kada ki ba shi ko sisi.

Injiniya_Yanbu: Ƙananan abubuwa kafin in manta. Kada kowa ya sa kilishi ko dambun nama a jaka, Koriya ta hana shigo da nama, a filin jirgin Incheon za su ƙwace su kuma ci ka tara mai nauyi. Yaji da garin kunu sun fi sauƙi, amma a bayyana su in an tambaya. Soket ɗinsu mai baki biyu zagaye ne, ba irin namu na nan mai uku ba. Suna gaba da mu da awa shida. A sauke Naver Map, ita mutanen can ke amfani da ita. Ƙaramar rediyo da abin kunne ma tana da amfani, a Lisbon ta nan muka riƙa jin fassara. In hutu ya isa, a shiga makon da ke gaba da taron, wanda ake rarraba baƙi zuwa dayosis-dayosis su zauna da iyalai. Ni wannan ya fi min daɗi a Fotugal, wata tsohuwa ta riƙa cusa min burodi da miya kamar jikanta.

Maman_Blessing: In kun je ku sa sunana a addu'a. Kwantiragina zai ƙare kafin lokacin, wataƙila ma ina gida ina kallonku a talabijin.

Ladi_Kobar: Za mu sa, Maman Blessing. To na ji duka. Juma'a mai zuwa in na samu fita zan haye Bahrain in yi magana da su kamar yadda Katikis ya ce, kuma na tura wa Fadanmu na gida saƙo ya aiko min da kwafin katin baftismata. Ban yanke ba tukuna. Zuciyata na wajen su 'YarKagoro, takarduna na nan. Baba, ba zan ci bashi ba, na yi alkawari.

'YarKagoro: Ko mu haɗa namu rukunin, mu 'yan Najeriya mazauna nan, mu yi rajista ta Bahrain amma mu ɗinka ankonmu? Mutum goma ma sun isa waƙa.

Katikis_Bulus: Sai an tambayi Fada tukuna, kada mu yi gaban kanmu.

Nas_Talatu_Jidda: Ni dai ko ta ina za a bi, kuɗi ne gaba. Wa zai shiga adashi daga ƙarshen watan nan? Riyal 300, kwasa bisa ƙuri'a. Mai so ya yi min magana ta gefe, kuma Direba ban da kai.